Yadda ake haɗa ƙaramin sutudiyon talabijin a Zariya

Kafin ka sayi kyamara, ka nemi ɗaki. Shawarar da nake fara bai wa duk wanda ya zo mini da maganar buɗe sutudiyo ke nan, ko ɗalibin aikin jarida ne daga Samaru, ko 'yan kwamitin masallaci masu son watsa tafsirin azumi a Facebook, ko wata baiwar Allah mai shirin girke-girke a YouTube. Galibinsu da sunan kyamara a baki suke zuwa, har sun tambayo farashinta a Kaduna ko Kano. Ni kuwa aikina tsayuwa a filin ɗauka, tsakanin darakta da mai gabatarwa, kuma abin da idona ya gane mini shi ne kyamara ce ta ƙarshe cikin abubuwan da ke gyara shiri ko su ɓata shi. Ɗaki ne farko, sai sauti, sai haske, sai mutanen da kowa ya san aikinsa. In waɗannan suka daidaita, ko da wayoyin hannu biyu ka ɗauka, mai kallo zai zauna ya kalla.

Dattawan da suka koya mana sana'ar, a gidan talabijin na Kaduna yawancinsu suka yi ƙuruciya, wanda aka buɗe a 1962, shekara uku bayan na Ibadan. Wasunsu kuma sun yi kwas a kwalejin talabijin ta NTA da ke Jos. A zamaninsu gwamnati kaɗai ke iya sayen kayan sutudiyo. Yau abin da ke cika ɗaki guda a wancan lokacin ya koma cikin jakar goyo, amma ƙa'idojin da suka bar mana suna nan yadda suke, kuma su zan bi da kai.

Zaɓen ɗaki

In an nuna maka ɗaki, kada ka fara da ido. Ka je a daidai lokacin da kake sa ran za ku riƙa ɗauka, ka rufe ƙofa da tagogi, ka zauna shiru na minti biyar, ka saurara. Kunnenka ya saba da hayaniyar gari har ya daina jin ta, makirfo kuwa ba ya sabawa da komai. Kowace unguwa a Zariya da irin ƙararta. Wajen Palladan da Kwangila ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi da rana, su tafi su dawo. Bakin babbar hanya ta wajen Ɗanmagaji tireloli ne dare da rana. A Sabon Gari da Tudun Wada ka duba ko akwai mai walda ko injin markaɗe a bayan katanga. In akwai, ka haƙura da ɗakin komai arharsa, domin ba labulen da zai tare ƙarar injin niƙa.

Sai ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji tafin ya dawo maka da wutsiya, ɗakin yana amsa-kuwwa. Wannan yana da magani: kafet a ƙasa, labule mai kauri da yawan ninki a rataye shi da ɗan tazara daga bango, soso ko tsofaffin barguna a bangon da kyamara ba ta gani. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa ba ya yin abin da ake zato, ga shi kuma abincin gobara. Ka kuma sani kashe amsa-kuwwa daban, tare ƙarar waje daban. Ƙarar waje sai bango mai kauri, da ƙofa mai nauyi, da toshe duk wata kafa da iska ke bi. Shi ya sa tsofaffin ɗakunan ƙasa na cikin birni sukan fi sabon shagon bulo daɗin sauti, ga sanyi. Rufin kwano tsirara kuwa, ranar da aka yi ruwan Agusta ba za ka ji ko muryar kanka ba, dole a yi silin.

Girman ɗaki na shirin mutum biyu ko uku a zaune, ka nemi kamar mita 5 a faɗi, mita 7 a tsawo, tsayin sama kuma kada ya gaza mita 3. Lissafin a fili yake. Mai gabatarwa yana buƙatar mita ɗaya da rabi zuwa biyu tsakaninsa da bangon baya, kyamara tana buƙatar kamar mita uku daga gare shi, mai riƙe da ita kuma yana buƙatar wurin motsi. Tsayin saman don fitilu ne, saboda daga sama suke haskowa. Tagogi duka a toshe su. Hasken rana yana da kyau, sai dai ba ya tsayawa wuri ɗaya, shirin da aka fara da hantsi aka gama da azahar zai fito kala biyu.

Zafin Maris da Afrilu zai sa ka so kunna fanka. Kada ka kunna, iskarta kai tsaye take shiga makirfo. In akwai na'urar sanyaya ɗaki, a kunna ta tun da wuri ɗakin ya ɗauki sanyi, in tana da ƙara a kashe ta lokacin ɗauka. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Kowace na'ura a lulluɓe ta bayan aiki, kuma kada wanda ya goge gilashin kyamara da bakin riga, ƙurar tana karce shi. A hure ta tukuna, sannan a goge da ƙyallen da aka yi don haka.

Wuta

Kada ka ɗora shirin kai tsaye a kan wutar Nepa. Kyamarori, na'urar sauya hoto, mikisa (na'urar haɗa sauti), kwamfuta da na'urar intanet duk su zauna a kan inbata da batir, yadda ko an ɗauke wuta ba abin da zai ƙifta. Ka zauna da biro ka tara wat ɗin kowace na'ura, a jikinta yake rubuce, sannan ka bar rara. Na'urar sanyaya ɗaki a ware mata layinta. Janareta a kai shi nesa da waya mai kauri, bakin hayaƙinsa ya juya wa ɗakin baya, kuma ko da wasa kada a shigo da shi zaure ko baranda a rufe, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba. Ka samo mai gyaran wuta na gaske ya yi maka wayar ƙasa, wato wadda ke sauke wutar da ta ɓalle zuwa cikin ƙasa, domin rashinta ne yakan jawo gurnanin nan da ake ji ƙasa-ƙasa a sauti. Wayar makirfo kada ta kwanta a jere da wayar wuta, in dole su haɗu to su gitta juna. A bakin ƙofa a ajiye tukunyar kashe gobara irin mai hoda, ruwa ba ya kashe wutar lantarki.

Akwai abu ɗaya da ke haɗa wuta da hoto wanda sababbin shiga ba su cika sani ba. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa talabijin ɗin Najeriya ke tafiya a kan hoto 25 a daƙiƙa. Wayoyi da kyamarori da yawa suna zuwa a kan 30, irin na Amurka. In ka bar su haka a ƙarƙashin ƙwan lantarki, za ka ga hoton yana ƙyafce-ƙyafce ko wasu layuka suna gangarowa. Ka mayar da kowace kyamara kan 25, saurin buɗewa da rufewar idonta kuma 1/50 na daƙiƙa.

Dandali

Nan ne na fi so in daɗe, don nan aka fi yin ɓarnar kuɗi. Dandali shi ne duk abin da mai kallo zai gani a bayan mai magana da gefensa. Kafin ka kira kafinta, ka amsa tambaya biyu: mutum nawa za su zauna, kuma wane irin shiri ne? Sai ka zana ɗakin a takarda kamar kana leƙowa daga sama, ka sa kujeru, ka sa inda kowace kyamara za ta tsaya, ka ja layi daga kyamara zuwa fuskar da za ta ɗauka, ka wuce da layin har bango. Inda layin ya sauka, nan kaɗai ke buƙatar ado. Sauran bangon ba mai ganinsa.

Bangon dandali ba gini ba ne. Kafinta zai haɗa firam na katako tu-bai-tu ya buga masa filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8. Irin wannan guda uku ko huɗu sun isa. A haɗa su da hinji, na gefe su ɗan karyo ciki su rungumi masu zama, a tokare su ta baya, a danne tokarin da buhun yashi. Amfanin haka, in wani shiri ya zo gobe, sai a juya su ko a sake fenti. Fentin kuma ya zama marar ƙyalli. Fentin mai yana mayar da hasken fitila cikin idon kyamara.

Farin bango fat kuskure ne a wajenmu. Kyamara tana auna hasken da ya fi yawa, in ta ga fari ya cika wuri sai ta tsuke idonta, fuskar baƙin mutum ta dushe. Baƙi wuluk shi ma yana haɗiye hula da hijabi. Kalolin da na ga suna karɓar fatarmu su ne jan ƙasa irin na makuba, da shuɗi mai duhu irin na rini, da ruwan toka, da ruwan ƙasa mai haske.

Abin da ke ci mini rai shi ne in shiga sutudiyo a garin Zazzau in tarar an buga wata shimfiɗeɗiyar bana mai hoton dogayen benayen Dubai. Bana tana ƙyalli, tana yamutsewa, kuma a kyamara shafe take fitowa, ba tudu ba kwari. Alhali muna zaune a garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a tun ƙarni na 19, garin da har yau ana zuwa kallon zayyanar bangonsa. Ka je ka tsaya gaban ƙofar fada ka dubi yadda zanen ya taso daga jikin bango. Ka shiga cikin birni da yamma ka ga yadda rana in ta karkata take fito da kowane layi na dagi da inuwarsa. Ka leƙa Drama Village a jami'ar Ahmadu Bello ka ga abin da aka yi da ginin ƙasa don wasan kwaikwayo. Wannan tasowar ita kyamara ke so. Kafinta zai iya yanka dagi ko bakan gizo a filawud ya ɗora a kan bangon, ko mai filasta ya fitar da shi, ka haska shi daga gefe, nan take wurin ya yi zurfi, kuma duk wanda ya kalla ya san daga inda shirin ya fito. Ɗaliban sashen zane-zane na Samaru suna iya wannan aikin, kuma da yawansu suna neman inda za su nuna hannunsu.

Kayan ƙawa kaɗan sun wadatar. Faifai biyu a bango, tulu ɗaya, 'yan littattafai, titimin fata. In suka yi yawa mai kallo zai bar magana ya koma ƙirga kaya. Ka leƙa ta kyamara ka tabbata ba abin da ya tsaya daidai bayan kan mutum har ya zama kamar daga hularsa ya tsiro. In za a sa allo ko wani abu mai ayar Alƙur'ani, a ɗaga shi sama, kada ya kasance a ƙasa ko inda ƙafafu ke fuskanta.

Kujera ta fi yadda ake ɗaukarta muhimmanci. Kushin mai laushi yana haɗiye baƙo, gwiwoyinsa su taso, babbar riga ta tattare a wuya. Kujera mai juyawa kuma, mutum in ya ji tsoron kyamara sai ya yi ta lilo bai sani ba. Ka nemi mai ƙarfi, mai miƙaƙƙen baya. A jera su a karkace, rabi suna duban juna rabi suna duban kyamara. In mace da namiji ne za su zauna, a bar tazarar da ta dace a sa ƙaramin tebur a tsakani, kuma a gwada tun farko cewa kyamarar tsakiya tana ɗaukarsu duka. Ƙa'ida ita ce idon kyamara ya yi daidai da idon mai magana. Wanda ke zaune kuwa yakan fi kyamara ƙasa, don haka ake ɗaga dandali da dakalin katako na santimita 20 zuwa 30. In kuwa malami ne zai zauna a ƙasa kan buzu ko darduma, kyamarar ce za ta sauko, kada a ɗauke shi daga sama.

Tufafi ma cikin dandali suke. Tun ana gobe furodusa ya kira baƙo ya roƙe shi ya guji farar shadda mai sheƙi, da yadi mai ƙananan layuka ko ɗigo-ɗigo, domin a allo rawa suke yi. A tanadi hoda da tishu saboda gumi. Koren bango da ake cirewa a kwamfuta kuwa, ban ba sabon shiga shawararsa ba. Yana son haske daidai wa daida daga sama har ƙasa da fili mai yawa, kuma ranar da baƙo ya zo da koren kaftani aikin ya tsaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Haske

Fara da kashe ƙwan silin, yana zuba inuwa a ƙarƙashin ido. Kowane mai zama fitila uku yake buƙata. Babbar tana tsayawa a gefen kyamara, a karkace kamar digiri 45, ta ɗan fi kansa tsayi tana dubansa. Ta biyu a ɗaya gefen, ƙarfinta kamar rabin na babbar, aikinta rage inuwa. In ba kuɗinta, farin kwali babba zai mayar da haske ya yi aikin. Ta uku a baya can sama, tana zuba haske a kafaɗa da kai. Ita mutane suka fi mantawa, ita ce kuwa ke raba baƙin hijabi ko hula mai duhu da bango. Sai wata ta huɗu daban don bangon kansa. In mutum biyu ne suna fuskantar juna, ana iya saita fitilu biyu a gicciye, kowace ta zama babbar fitilar ɗaya kuma fitilar bayan ɗayan.

Sayi fitilar LED, ba ta cin wuta da yawa, ba ta zafi sosai. Ka duba jikin kwalin ka ga lambar CRI, wato ma'aunin yadda fitila ke fitar da kala, in ta kai 95 fata za ta fito da kalarta. Ƙwayayen kasuwa masu arha sukan sa fuska ta yi kore-kore. Fitilu kuma kala biyu ne, mai ja-ja da ake rubuta wa 3200K da mai farin rana da ake rubuta wa 5600K. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. In an gama saiti, wani ya zauna a kujerar baƙo ya riƙe farar takarda, kowace kyamara ta daidaita farinta a kan takardar nan, in ba haka ba duk sauyin hoto rigar baƙo za ta canja kala. Mai tabarau kuma, in fitila tana ƙyalli a gilashinsa, ɗaga fitilar sama kaɗan.

Sauti

Mai kallo yana haƙuri da hoto mai rauni, amma in bai ji magana ba zai wuce. Ƙaramin makirfon maƙalawa a riga shi ya fi dacewa da hira. A maƙala shi a ƙirji, kamar santimita 15 zuwa 20 daga haɓa, wayar ta bi ta cikin riga. Tufafinmu suna da nasu sha'ani. Shadda mai sitati tana ƙara duk sanda aka gyara hannun riga, hijabi da mayafi suna goga kan makirfo, carbi da awarwaro suna shiga sauti sarai. A maƙala shi a waje inda ba abin da ke taɓa shi, a kuma roƙi baƙo ya ajiye carbin na ɗan lokaci. In baƙuwa ce, mace a cikin ma'aikata ita za ta maƙala mata. Wannan kaɗai ya isa dalilin kada sutudiyo ya rasa mace, ban da cewa na ga mata da yawa da suka fi maza natsuwa a kan mikisa.

Wajen gwaji kada ka ce wa baƙo ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ba da wannan muryar zai yi hira ba. Tambaye shi ta wace hanya ya biyo, ka saita a kan amsarsa. Ma'aunin ƙarfin sauti ya riƙa kaiwa wajen -12, kada ya taɓa 0, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Mai sauti ba ya cire abin sauraro daga kunnensa tun farko har ƙarshe. Batir sabo kowane shiri, wayoyin makirfo irin na XLR masu haƙori uku, wayoyin hannu duka a kashe, sannan a ajiye makirfo ɗaya na ko-ta-kwana a kusa, a haɗe.

Kyamara

Biyu sun isa farawa, uku sun fi. Ta tsakiya tana ɗaukar kowa da kowa. Ta hagu tana ɗaukar wanda ke zaune a dama, ta dama tana ɗaukar na hagu, don a sami fuska sosai ba gefen kunne ba. Ka ɗauka akwai layi tsakanin masu hirar biyu. Duk kyamarori su tsaya a gefe ɗaya na layin, in ɗaya ta tsallaka za a ga mutanen biyu suna duban waje guda. Idon mutum ya zauna a kashi ɗaya cikin uku daga saman allo, a bar ɗan fili a saman hula, a bar fili ta inda yake dubawa. A cire kyamara daga saita kanta da kanta, a saita ta da hannu. Don sauya hoto, na'urar ATEM Mini tana karɓar kyamara huɗu ta wayar hoto ta HDMI, manhajar OBS ta kwamfuta kuma kyauta ce. Wayar HDMI in ta wuce mita 10 ba ta da tabbas, tafiya mai nisa sai wayar SDI. Duk wayar da ta ratsa hanya a manne ta da ƙasa.

Ma'aikata

Furodusa shi ne mai shirin: shi ke nemo baƙo, ya tsara tambayoyi, ya riƙe kuɗi da lokaci. Darakta shi ke zaune gaban allo yana zaɓen hoton da zai fita. Akwai mai sauya hoto, mai sauti, masu kyamara, mai haske, mai rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, sai fulo manaja, wanda shi ne bakin darakta a cikin fili. A ƙaramin wuri mutum biyar suna ɗaukar wannan duka, darakta ya haɗa da sauya hoto, mai haske ya koma kan kyamara in ya gama saiti. Wanda ba a haɗa masa aiki biyu shi ne mai sauti.

Da zarar an fara ɗauka, murya ɗaya ce ke ba da umarni, kamar yadda sahu ke bin liman ɗaya. Ko mai sutudiyon ne da kansa, in yana da gyara ya faɗa wa darakta a kunne ko ya jira hutu. Umarnin darakta kuma hawa biyu ne, na shiri da na aiki: "Ta biyu, shirya." Sannan, "Ɗauki ta biyu." Mai kyamara da ya ji an ce ya shirya, ya daina motsi. Ba ya gyara hoto sai ya tabbata an bar kansa.

Fulo manaja yana tsayawa dab da kyamarar da mai gabatarwa ke kallo, don kada idonsa ya yi yawo. Daƙiƙa goma kafin shiga yana ƙirgawa da baki, biyar na ƙarshe da yatsu, sai ya nuna shi. Juya yatsa a iska, a naɗe magana. Jan hannu biyu a hankali, a ƙara ja, akwai sauran lokaci. Wahalar aikin a garinmu ita ce yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai ne zai tsayar da malami ko mai sarauta yana tsakiyar magana. Maganinta a yi bayani tun kafin a zauna. Nakan durƙusa in ce, "Allah gafarta Malam, lokacin ba a hannunmu yake ba. In na ɗaga yatsu biyu, saura minti biyu ke nan, a yi mana afuwa." Ban taɓa ganin wanda aka yi wa haka ya ɓata rai ba, yawanci ma cewa suke, "Ba komai, ɗana, ka yi aikinka." Manya kuma ba sa zuwa su kaɗai. A tanadi wuri a waje da kujeru da talabijin don 'yan rakiya, a shigar da mutum ɗaya kawai. Doguwar gaisuwa a yi ta a nan waje a ƙoshi, ta cikin shiri ta zama gajera.

Mai rubutun allo ya ba baƙo takarda ya rubuta sunansa da muƙaminsa da hannunsa. A Zazzau kuskuren sarauta ba ƙaramin abu ba ne, kuma a tabbata rubutun da aka zaɓa yana fitar da ƙ da ɗ da ɓ.

Ranar ɗauka

Kowa ya riƙe takardar jadawali iri ɗaya: buɗewa daƙiƙa 30, gabatar da baƙo minti 1, kashi na farko minti 10, hutu, da haka har rufewa, kowane layi da kyamarar da za ta fara shi. In wata tasha za ku kai wa shirin, ku tambaye su minti nawa suke so daidai, saboda talla. A tsara lokaci da salla a zuciya. Ɗaukar da aka fara ƙarfe goma na safe tana gamawa kafin azahar, wadda aka fara dab da la'asar kuwa za ta katse, ga lasifikokin masallatai. Ma'aikata su iso awa biyu kafin baƙo, a kunna komai, a zaunar da wani a kujerarsa, a yi gwajin buɗewa da rufewa, a naɗi minti ɗaya a saurara. Maganar kuɗin kowa a gama ta kafin ranar, ruwa da abinci kuma suna cikin kasafi. Kiɗan buɗe shiri ya zama naku ko wanda kuka nemi izininsa, YouTube da Facebook suna toshe na aro. Mai niyyar wuce intanet ya kafa tasha sosai kuma, sai da lasisin NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin.

In darakta ya ce an gama, kada baƙo ya tashi sai an duba farko da tsakiya da ƙarshen abin da aka naɗa, da hoto da sauti. Sannan a cire masa makirfo, a raka shi har mota. A kwafe katin da aka naɗi shirin a kai zuwa wuri biyu daban, a buɗe kowanne a tabbata yana yi, kafin a goge komai. Batura su hau caji, wayoyi a naɗe su a kewaye ba a kan gwiwar hannu ba, a lulluɓe na'urori. A bakin ƙofa a ajiye littafi, duk wanda ya lura da waya mai katsewa ko fitila mai ƙifce ya rubuta da kwanan wata, furodusa ya duba shi kafin ya sa ranar ɗauka ta gaba.